ATISHAWAR KAKA: GARGAƊI GA MATAFIYA

 

Yau maganarmu ta fi shafar mutanen ƙasar Gumel, watau Gumel kanta, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, musamman waɗanda neman abinci yake sa su bin hanya: fatake, da direbobi, da yaran mota, da 'yan acaɓa, da masu kora dabbobi zuwa kasuwa, da mata masu zuwa biki ko gaisuwa. Za mu yi magana a kan wata cuta wadda mutane da yawa ba su ɗauke ta a bakin kome ba, alhali kuwa tana hana barci, tana cinye kuɗi a banza, tana jawo haɗarin mota, wani lokaci ma takan kai mutum ga halaka.

Watakila kai ma ka san ta. Damina ta yi nisa, gero ya fid da kai, ka hau mota lafiya lau za ka kasuwa. Kafin ku yi rabin tafiya sai atishawa ta kama ka, ɗaya na bin ɗaya, har goma. Hanci yana zuba kamar tulu ya tsage, idanu sun yi ja suna ƙaiƙayi, maƙogwaro da cikin kunne suna ƙaiƙayi inda hannu ba ya kaiwa. Ka ce mura ce, ka sayi magani. Mako ya wuce, wata ya wuce, tana nan. Sa'an nan ciyawa ta bushe, sai ka ji ta tafi don kanta. Baɗi war haka kuma sai ga ta. To, wannan ba mura ba ce. Bari ka ji abin da ke kawo ta.

ABIN DA KE KAWO TA

Kowane manomi ya san bununi. In gero ya fid da kai, ka shiga gona da safe ka girgiza zangarniya, za ka ga wani gari rawaya-rawaya yana tashi, yana manne wa riga. Wannan gari shi ne namijin iri na tsiro. Sai ya faɗa kan furen wata zangarniya sa'an nan ƙwaya take kamawa. Ba don shi ba da ba mu ci tuwo ba. Ashe kuwa abin albarka ne.

Amma tsire-tsire iri biyu ne wajen aika bununinsu. Waɗansu, kamar riɗi da kabewa da auduga, furensu mai kyan gani ne, bununinsu mai nauyi ne mai danƙo, zuma da sauran ƙwari su ke ɗaukarsa daga wannan fure zuwa wancan. Irin wannan bai cika tashi sama ba, don haka bai cika damun mutane ba. Waɗansu kuwa iska ce manzonsu. Da yake iska ba ta san inda za ta kai saƙo ba, sai su zubo bununi mai yawan gaske, marar nauyi, don ko kaɗan daga ciki ya dace. Dangin ciyawa duk haka suke: gamba, da kyasuwa, da ƙarangiya, da burburwa, da harkiya, da guɗe-guɗe, da kiri-kiri, da tofa. Gero da maiwa da dawa da masara da shinkafa da alkama su ma dangin ciyawa ne. Ƙwayar bununin ciyawa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai ka jera wajen 30 kafin su cika milimita 1. Ido ba ya ganin ɗaya ita kaɗai, amma hanci yana shaƙarta.

A ƙasarmu gero yakan yi bununi tun cikin watan Agusta. Dawa da maiwa da ciyawar daji su biyo baya cikin Satumba da Oktoba. Saboda haka daga marka zuwa kaka shi ne lokacin da abin ya fi tsanani.

Ba yau aka gane wannan ba. A shekarar 1819 wani likita a birnin Landan, mai suna John Bostock, ya bayyana alamun cutar kamar yadda yake jin su a jikinsa kowace shekara. A 1873 kuma wani likita na Mancesta, Charles Blackley, wanda shi ma yana fama da ita, ya tabbatar bununi ne sanadi. Yakan sa shi a hancinsa da kansa ya ga abin da zai faru. Har ma ya shafa danƙo a jikin gilashi, ya ɗaura a filfilon takarda mai igiya, ya sake shi can sama, da ya sauko da shi sai ya tarar da bununi manne a jiki. Nan aka san iska tana ɗaga shi sama, ta kai shi nesa da inda ya fito.

YADDA TAKE A JIKI

Allah ya yi wa jikin ɗan Adam dogarai a cikin jini, masu tsare shi daga ƙwayoyin cuta. Ga yawancin mutane, in bununi ya shiga hanci, dogaran nan ba su kula shi, don sun san ba maƙiyi ba ne. Amma ga waɗansu, sai dogaran su ɗauki baƙo ɓarawo, su yi ta kuwwa. Nan take jiki ya saki wani sinadari da likitoci ke kira histamin. Shi ke sa fatar cikin hanci ta kumbura, ruwa ya zubo, ido ya yi ja, atishawa ta tashi. Watau ba bununi ke yi maka ɓarnar ba, faɗan da jikinka ke yi da shi ne. Wannan shi ake kira borin jini.

Ka riƙe abu uku. Na fari, ba a ɗaukar wannan cuta daga wani, ko kun ci a akushi ɗaya, ko kun kwana ɗaki ɗaya. Na biyu, tana bin gida. In uwa ko uba suna da ita, ko suna da asma, to, ba mamaki a same ta ga 'ya'ya. Na uku, cin tuwon gero ko shan fura ba ya tayar da ita. Shaƙa ce matsalar, ba ci ba. Kada wani ya hana ka abincinka.

Kada kuma ka ce ba ta gama ba sai kaka ta wuce. Hancin da ya riga ya kumbura, kome ƙanƙantar abu yana tsokanarsa. Ƙaiƙayin sussuka da na shiƙa, da ƙurar harawa, da hayaƙin ƙona gona, sa'an nan hazon hunturu wanda iska ke kwasowa daga hamadar ƙasar Cadi, duk sukan ɗora daga inda bununi ya tsaya. Shi ya sa wani yakan fara tun Agusta, bai sami kansa ba sai bayan ɗari.

YADDA ZA KA RABA TA DA WAƊANSU CUTUTTUKA

Wannan wuri yana da muhimmanci, domin lokacin bununi shi ne kuma lokacin da sauro ya fi yawa.

Mura takan zo da ciwon jiki da kasala, majina ta fara da ruwa-ruwa sa'an nan ta yi kauri, cikin kwana 7 zuwa 10 ta wuce. Atishawar kaka kuwa majinarta fara ce kamar ruwa, ga ƙaiƙayin ido da na hanci, tana kai makonni, tana ƙaruwa in ka fita daji, tana raguwa in ka shiga ɗaki ko an yi ruwa.

Atishawar kaka ba ta kawo zafin jiki. In jikinka ya yi zafi, ko kana rawar ɗari, ko ciwon kai mai tsanani da amai, kada ka ce bununi ne. Je ka ɗakin shan magani a ɗiba jininka a yatsa, a duba ko zazzaɓin cizon sauro ne. Gwajin ba ya kai rabin sa'a. Yaro ƙarami da mace mai ciki kuwa, kada a bari su kwana da zazzaɓi ba a duba su ba.

In idonka yana manne da kwantsa da safe, ko yana ciwo, ko ganinka ya dushe, ko ido ɗaya kaɗai ya yi ja, wannan wani ciwo ne dabam, a kai shi asibiti.

In tari ya kai mako 2 ko ya wuce, ga rama, ga gumin dare, ko jini a kaki, lalle a auna kakinka saboda tarin fuka. Awo da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe don haka.

DON ME TA FI TASHI A HANYA?

Wanda ke zaune cikin gari, katanga da ɗakuna suna tare masa. Matafiyi kuwa fili yake ratsawa. Daga Gumel zuwa Kano kamar kilomita 120 ne, kusan duk gonaki ne dama da hagu, ga ciyawa a bakin titi wadda iskar motoci ke kaɗawa. Wanda ke kan babur, ko a bayan a-kori-kura, ko bisa kayan lori, iskar nan kai tsaye take dukan fuskarsa.

Dubi kuma ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, inda shanu da raƙuma da tumaki da awaki ke taruwa daga Nijeriya da ƙasar Damagaram ta Nijar. Inda dabbobi suke, nan ciyawa take, ɗanya da busasshiya, ana saukewa daga amalanke, ana kwancewa, ana watsawa, kofato yana tayar da ƙura. Mai wannan cuta in ya wuni a kara ba shiri, daren nan ba shi ba barci. Haka abin yake a Gujungu da sauran manyan kasuwanni.

Sa'an nan kowace ƙasa da lokacinta. Masu rakiyar shanu zuwa Ibadan da Legas da Fatakwal su sani damina a Kudu tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, ba ta ƙarewa sai Oktoba ko Nuwamba. Sai ka bar gida cikin bazara, ƙasa fayau ba ko tsiro, ka isa can ka tarar da ciyawa ta fi ka tsawo. Wanda ya nufi fadamun Haɗeja da Nguru zai tarar da kacala, ita ma tana zub da bununi mai yawa. Wanda Allah ya nufa da zuwa Ingila, can daga Mayu zuwa Yuli ne ciyawa ke fure.

Akwai kuma haɗari ga mai tuƙi. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a, cikin daƙiƙa 1 tana cin mita 22. Mai atishawa kuwa dole ya rufe ido. In ta zo maka sau biyar a jere, lissafta nisan da ka yi kana makaho, ga yara da awaki a bakin hanya.

KAFIN KA TASHI

1. In ka san kana da ita, kada ka jira sai ta kama ka. Tun farkon Agusta ka je ɗakin shan magani ka gaya wa malamin asibiti yadda take yi maka kowace shekara. Rigakafi ya fi magani.

2. Ka ɗauki maganin da zai ishe ka har ka komo, da ɗan ƙari, gama tafiya ba ta da alkawari. Ka sa shi a aljihu ko a jakar hannu, cikin kwalinsa. Kada ka ɗaure shi cikin kayan da za a ɗora bisa mota, kada kuma ka bar shi gaban gilashin mota rana tana dukansa. Zafi yana kashe ƙarfin magani.

3. Ka roƙi malamin asibiti ya rubuta maka sunan maganinka a takarda. In ya ƙare a baƙon wuri, ko a ƙetaren iyaka inda ake rubutu da Faransanci, sai ka nuna takardar.

4. Ka riƙe tabarau, da takunkumin hanci irin wanda aka saba da shi tun annobar korona ta 2020, da tsumma mai tsabta, da gorar ruwa mai kyau.

A KAN HANYA

Ciyawa ta fi sakin bununi da safe, in raɓa ta bushe. Zafin rana ya ɗaga shi sama, da yamma in gari ya yi sanyi ya sauko. Ranar da ta fi muni ita ce ranar da aka yi rana ƙwal da iska. Ranar da ta fi sauƙi ita ce bayan an yi ruwa mai yawa, don ruwa ya wanke sararin sama. In tafiyar a hannunka take, ka zaɓi ranarka.

In a cikin mota kake, nemi wurin zama na tsakiya, ka roƙi na bakin taga ya ɗan ɗaga gilashi sa'ad da kuke ratsa gonaki. Kada ka yarda ka zauna bisa damin ciyawa ko harawa ko buhunan dusa, ko da kuɗin ya fi sauƙi. Arahar da za ta kwantar da kai kwana uku ba araha ba ce.

In a babur kake, ka sa tabarau, ka rufe hanci da baki. Kakanninmu fatake da suke ja amawali su rufe hanci ba don ado kaɗai suke yi ba. Ke ma uwargida, gefen mayafinki ya isa, in kin ninka shi biyu. Kuna iya shafa ɗan man Vaseline a bakin ƙofofin hanci, yana kama wani abu daga cikin ƙurar kafin ta shige.

Kada ka murza ido. Murza ido kamar zuba kananzir ne a wuta. Jiƙa tsumma da ruwan sanyi mai tsabta, ka rufe ido ka ɗora. Ka bar kwalli har idon ya lafa.

Duk inda aka tsaya salla, ka kyautata alwala. Shaƙa ruwa da fyacewa da wanke fuska suna fitar da bununi daga hanci da ido. Amma da ruwa mai tsabta, ba na kududdufi ba.

IN KA SAUKA

Da isarka masauki ka tuɓe rigar tafiya, ka kakkaɓe ta a waje, iska tana bayanka, kada ka shiga da ita inda za ka kwanta. Ka yi wanka, ka wanke kai da gemu, don gashi yana riƙe bununi, in ka kwanta da shi sai ka kwana kana shaƙa. Kada ka shimfiɗa tabarma kusa da rumbu, ko masussuka, ko turken dabbobi, ko inda aka jibge ciyawa. Ka kwana cikin gidan sauro maimakon kunna maganin sauro mai hayaƙi. Turaren wuta da hayaƙin taba su ma suna ƙara rura abin.

Ga wani magani mai sauƙi wanda ba ya cin kuɗi. Tafasa ruwa rabin lita, watau cikin ledar ruwan sha guda. Zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi 1, a shafe, ba a tula ba. Bar shi ya huce. Zuba kaɗan a tafin hannu mai tsabta, ka shaƙa ta hanci ɗaya ka fyace, sa'an nan ɗayan. Ka yi safe da dare. Kullum a haɗa sabo.

MAGANIN DA ZA KA SHA DA WANDA ZA KA GUJA

Akwai ƙwayoyi masu kashe kaifin histamin. Tsohon cikinsu, wanda kowa ya sani, shi ne Piriton. Yana aiki, amma yana sa barci da nauyin jiki, har washegari. Saboda haka ina jan kunnenka da babbar murya: direba, da ɗan acaɓa, da mai injin niƙa, da mai hawa bisa kaya, kada ya sha shi zai kama aiki. Mutum yakan ce ai ni ba ya sa ni barci, alhali kuwa hannunsa da ƙafarsa sun riga sun yi nawa bai sani ba. Shan shayi mai kauri ko cin goro ba ya warware wannan.

Akwai sababbi waɗanda ba su cika sa barci ba, kamar loratadin da setirizin. Shi na biyun, a jikin kwali da harafin c ake fara rubuta shi. Babban mutum ƙwaya 1 ce mai miligiram 10, sau 1 a yini, ba ƙari. Ko su ma, ka fara gwadawa ranar da kake gida, don setirizin yakan sa waɗansu gyangyaɗi. In ka ji haka, ka sha da dare, ko a sake maka. Mace mai ciki ko mai shayarwa, da ƙaramin yaro, da tsoho, da mai ciwon ƙoda ko hanta, kada su sha sai malamin asibiti ya faɗi wanda ya dace da yawansa.

In toshewar hanci ce ta fi damunka, akwai maganin fesawa a hanci wanda likita zai rubuta, mai sauke kumburi. Shi ya fi kowanne aiki, amma yana son haƙuri: sai an yi kwanaki ana fesawa kullum, wani lokaci har mako 2, kafin a ga cikakken amfaninsa. Shi ya sa aka ce a fara tun kafin lokaci ya yi. Kada ka ruɗe shi da ɗigon nan mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivin. Wannan kada ya wuce kwana 5 zuwa 7. In ka zarce, hanci yakan saba, ya toshe fiye da dā, ka zama ba ka iya barci sai da shi.

Ga waɗanda za ka guja. Kafso da allurar kashe ƙwayoyin cuta ba su da aiki a nan, don ba ƙwayar cuta ba ce. Kuɗinka kawai za ka zubar, ranar da kake bukatarsu da gaske kuma su ƙi ci. Maganin zazzaɓin sauro ba tare da gwaji ba, haka nan. Maganin tari mai kodin kuwa, gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi tun watan Mayu na 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa.

Mafi haɗari su ne ƙwayoyin deksametazon da danginsu, waɗanda masu talla ke ba mutane a tasha. Gaskiya ne suna kwantar da atishawa da sauri, shi ya sa suke ruɗin mutane. Amma wanda ya daɗe yana sha, fuskarsa takan kumbura, ya gamu da hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi, jikinsa ya kasa yaƙi da cuta. In a ɗigon ido suke, suna iya kawo yanar ido ko hawan jinin ido, wanda makantarsa ba ta da magani. In ka riga ka daɗe kana sha, kada ka bari farat ɗaya, je ka asibiti a rage maka sannu-sannu. Kome za ka saya, ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Maganin da aka baza a faranti cikin rana, ba suna ba kwali, ka bar wa mai shi kayansa.

IN TA SAUKA A ƘIRJI

Yanzu mun zo wurin da rai yake. Hanci da huhu hanya ɗaya ce. Mutane da yawa masu atishawar kaka suna da asma, waɗansu ma ba su sani ba. Alamarta ita ce tari da dare ko da asuba, da ƙirji ya ɗaure, da numfashi mai fito kamar kukan kyanwa, da haki in an yi ɗan aiki. In kana jin haka, ka gaya wa likita tun kafin ka yi tafiya. Akwai maganin shaƙa na buɗe ƙirji, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, akwai kuma na rigakafi da ake shaƙa kullum. Kada ka saurari masu cewa wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da shi. Ba ya kama mutum, ceton rai yake yi. Mai asma kuma ya yi hankali da asfirin da ibufurofen, suna tayar wa waɗansu da ciwon.

Ka ji tsoron iskar da ke zuwa gaban hadari. Tana kwaso bununi daga gonaki, laima ta farfasa shi ya zama ƙanana ƙwarai, har ya iya wuce hanci ya kai can cikin huhu. Ran 21 ga Nuwamba, 2016, haka ta faru a birnin Melbon na ƙasar Ostareliya, lokacin furen ciyawarsu. Cikin dare ɗaya dubban mutane suka cika asibitoci, mutum 10 suka rasu, a ƙasar da ke da likitoci da motocin asibiti birjik. Da yawa cikin waɗanda abin ya kama ba a taɓa ce musu suna da asma ba, atishawa kawai suka sani. Saboda haka in ka ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara tashi, nemi ɗaki ko mota ka shiga ka rufe, kada ka fito sai ruwa ya zuba sosai.

In abokin tafiyarka numfashi ya sarƙe masa, ga abin yi. Zaunar da shi a miƙe, kada ka kwantar da shi. Sassauta masa riga, a ba shi fili, kada a yi masa hayaƙi, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. In yana da abin shaƙa, a girgiza, ya shaƙi fesa 1, a jira kamar minti 1, a sake, har zuwa sau 10. In bai sami sauƙi ba, ko ba ya iya gama magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko leɓensa da harshensa sun koma toka-toka, ko fuska da wuya suna kumbura, ko ya fara fita hayyacinsa, to, a bar ciniki, a juya mota zuwa asibiti mafi kusa nan take. A wannan yanki Babban Asibitin Gumel yana nan. Kada a ce bari a kai gida tukuna, ko bari gari ya waye.

ƘARSHEN MAGANA

Jama'a, wannan cuta ba a cika rabuwa da ita ɗungum ba, amma wanda ya san lokacinta, ya yi shiri, sai ya yi nomansa da fataucinsa kamar kowa. Ka san watanninka. Ka je ɗakin shan magani tun kafin gero ya yi bununi. Ka rufe hanci da ido a hanya, ka wanke su in ka sauka. Kada ka kama sitiyari bayan ka sha maganin da ke sa barci. Zafin jiki a gwada jini, sarƙewar numfashi a garzaya asibiti.

Kai da ka iya karatu, ka karanta wa wanda bai iya ba, a tasha, da majalisa, da cikin gida. In kuwa akwai abin da ya shige maka duhu, tambayi malamin ɗakin shan magani na garinku, don aikinsa ke nan.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa a yi kaka mai albarka, ya kai kowane matafiyi gidansa lafiya. Sai wani jiƙon.